Saratu da Injin da Ke Tsayawa Bayan Azahar

Ranar wata Litinin ce, cikin bazarar farko bayan soja sun karɓi mulki daga hannun farar hula. Tun hantsi iska ta ɗauke, ganyen dogon yaro ko motsi ba ya yi, ruwan randa kuwa in ka kurɓa sai ka ce wani ya ɗumama shi. Can wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas, kowa ya fito ƙofar ofis yana kallon sama. Ya yi baƙi, ya yi rugugi sau biyu, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. A ranar ne manajanmu, Alhaji Tukur, ya aike ni in kira masa Saratu daga ɗakin inji.

Ni ne masinja a ofishin. Ofishin aikin gona ne a bakin garin Bodinga, irin waɗanda aka buɗe lokacin da gwamnati ke da hali. Da na kira ta, ban fita ba, don Alhaji ya ce in tsaya. Ya gaya mata cewa umurni ya zo daga Sakkwato: kowane ofis ya aika sunayen waɗanda aka samu da sakaci ko tsufa ko rashin aiki, a sallame su, kuma wanda aka kora da sunan sakaci ba zai sake samun aikin gwamnati ba. Ya ce abokan aikinta sun kawo ƙara cewa ita ke sa kwamfuta tana tsayawa kullum bayan azahar. Shi ba ya son ya zalunce ta, amma ba shi da injiniyan da zai duba, ba kuma kuɗin kiran wani daga Kaduna. Ƙarshen wata zai aika sunaye.

Saratu ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni kwanakin da sunka rage in bincika. In ni ce, da kaina zan zo in faɗa."

Ya ce ya ba ta.

Na san Saratu tun tana goye. Mahaifinta, Malam Bawa tela, abokina ne, unguwarmu ɗaya a Shagari, rumfarsa tana gefen masu sayar da igiya a kasuwa. Idonsa ya fara rauni tun da sauran ƙarfinsa, don haka ita ke saka masa zare a allura tun ba ta kai shekara bakwai ba. In keke ya fara cin zare, ba ta kiran kowa. Sai ta durƙusa, ta sa ya juya a hankali, ta zuba ido har ta ga daidai inda zaren ke sarƙewa. Lokacin da ake ɗibar yara zuwa boko, mutane na ɓoye nasu cikin rumbu, shi Bawa ya kama hannunta ya kai ta da kansa. Daga firamare ta tafi makarantar 'yan mata a Sakkwato, ta koyi tafureta, ta samu aiki wurinmu. Da aka kawo kwamfuta, ita aka tura Kaduna ta yi 'yan watanni tana koyon yadda ake kula da ita.

Ta auri Maniru, malamin firamare a nan Bodinga, mutum mai sanyin hali. A shekarun nan malamai kan yi watanni ba a biya su ba. Daminar da ta gabata kuma ta yanke gero yana tsaka da fitar da kai. Bawa ya daina gani gaba ɗaya, ya rufe rumfa. Aikin Saratu shi ke riƙe da gidanta, shi ke riƙe da gidan ubanta. Duk Juma'a tun da hantsi takan nemi izini, ta ɗauki ɗan hatsi a buhu, ta tari motar Shagari.

Kwamfutar kanta ba irin ta yanzu ba ce da jikokina ke saƙalawa a jaka. Girmanta ya kai kabad biyu, tana cikin wani ɗaki mai sanyi wanda ba a shiga da takalmi. Daga jikinta wayoyi suka fito zuwa babban ɗaki, inda aka jera allo shida kamar talabijin, kowanne da madannansa. Maza biyar ne ke zama a gabansu, Saratu ta shida. Aikinsu shigar da bayanan manoma, daga nan Bodinga har Kajiji da Mandera: faɗin gonar mutum, abin da ya shuka, abin da ya samu. Da shi ake raba iri da taki kafin ruwa ya sauka. Mu dai inji muke ce mata.

Shekara biyu kwamfutar tana aiki lafiya. Sai aka shiga tsuke bakin aljihu, aka rage man janareto, Alhaji ya ce daga yanzu ƙarfe uku da rabi za a kashe wuta ko an gama ko ba a gama ba. A daidai lokacin kuma ma'aikata suka haɗa hannu suka kewaye wani ɗan fili da bulo a ƙarƙashin bishiya, ya zama masallacin ofis. Da can kowa kan yi sallarsa inda ya samu, wani ya shiga gari, wani ya shimfiɗa buzu bayan sito. Yanzu sai aka koma jam'i ɗaya, Malam Ɗanliti, babban magatakarda, shi ke limanci. Kowa ya ji daɗin wannan, har da ni, don ni ke cika butoci.

Ba a daɗe ba injin ya fara tsayawa. Da safe lafiya lau. Da an dawo daga azahar, ba a jimawa sai allunan su yi shiru, ka danna ka danna ba amsa. Sai an kashe an kunna, shi ma yana cin lokaci, wani lokaci aikin da aka yi tun safe ya tafi. Kafin a farfaɗo, lokacin kashe janareto ya yi. Ga damina na matsowa, manoma na zuwa suna zama a inuwa suna tambayar taki.

Baturen da ya kafa injin ya bar doka kafin ya tafi ƙasarsu, cewa kada a bar shi a kunne ba kowa a wurin. Tunda maza na tafiya jam'i, Saratu ke zama. In sun dawo, sai ta tashi ta shiga sito ta yi tata sallar. Lissafin mazan ke nan: sun bar inji lafiya, ita kaɗai ce a ɗakin, sun dawo ya tsaya. Suka ƙara da cewa ranar Juma'a, da ba ta wuni, bai taɓa tsayawa ba. Ba wanda ya tuna cewa ranar Juma'a ana tashi ne tun kafin masallaci, ba a dawowa. Ni ma ban tuna ba.

Kowa da abin da yake zato. Wani ya ce wasiƙun mutane take bugawa a ɓoye. Wani ya ce furar da take sha ce ke ɗiga cikin madannai. Ɗanliti ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya hutawa. Lokacin farar hula, saboda shugaban ƙasa ɗan garinmu ne, yana kiranta ɗiyar masu ƙasa, yana cewa ai mutanen Shagari ko akuyarsu ta nemi aiki za a ba ta kujera. A da dariya ake yi, ita ma takan rama ta ce masa Bodingawa sai kallon motoci suna wucewa. Bayan juyin mulki sai ya koma ce mata ɗiyar masu ƙasa jiya. Maganar ɗaya ce, amma ta daina ba ta dariya. Mutane da yawa a lokacin suna ganin duk ɗan Shagari da ke kan kujera da hanya ya hau, kuma lokacin saukarsa ya yi.

Washegarin ranar da Alhaji ya kira ta, ta same ni ina share baranda. Ta gaishe ni, ta ce, "Baba Ummaru, kana iya duba mani agogo?" Na ce boko ne ban yi nisa ba, amma yaƙi da jahilci ya koya mini lamba, agogo kuwa tun ina saurayi nake karanta shi. Ta ce shi ke nan abin da take so.

Na tambaye ta me za ta auna, tunda ba a ganin cikin injin. Ga yadda ta bayyana mini, kuma na riƙe shi har yau. Ta ce a cikin injin akwai wani tsari mai kula da komai, abin da yaran yanzu ke kira babbar manhaja. Ta ce in ɗauke shi kamar maigida mai gona wanda ba ya riƙe fartanya da kansa. Duk aikin da aka kawo masa, ƙarami ko babba, sai ya ɗauki sabon ɗan ƙodago ya ba shi. Wani ɗan ƙodagon ma in aikin ya yi masa yawa sai ya sa a ɗauko masa mataimaka. Kowanne da ya shigo ana ba shi lamba, ta gaba da ta wanda ya riga shi, kamar katin asibiti. In ya gama ya tafi, ba a dawo da shi, sabo ake ɗauka. Gonar kuma tana da iyaka. In sun yi yawa lokaci guda, ba mai samun wurin ɗaga fartanya, sai kowa ya tsaya.

Ta ce ba ta iya ƙirga su ɗaya ɗaya, don wasu kafin ka ƙifta ido sun zo sun tafi. Amma tana iya tambayar injin lambar wanda ya shigo ƙarshe. In ta tambaya yanzu, ta sake tambaya bayan minti ɗaya, ta cire ta farko daga ta biyu, ta san 'yan ƙodago nawa aka ɗauka a cikin mintin. Wani malaminsu a Kaduna ya nuna musu haka. Ta ce ko tambayar da take yi ma sai an ɗauki ɗan aike guda ya kawo mata amsa, don haka kullum tana rage ɗaya, nata ne.

Aikina shi ne in tsaya kusa da agogon bango, duk lokacin da siririn hannu ya zagayo kan sha biyu in ce mata, "Yanzu." Ba duk wuni ba, don ina da aike. Mukan yi kaɗan da hantsi, kaɗan kafin azahar, sai kuma in na cika butoci in dawo. A kwanakin nan jam'i ya riƙa wuce ni, ina yin sallata daga baya. Ɗanliti ya lura, ya ce to, ga shi ta fara janye masa mamu ɗaya ɗaya.

Da hantsi lambar na tafiya kamar tafiyar jaki, ashirin, talatin a minti, wani lokaci ta ɗan ɗaga ta sauko. Mutane ba sa isowa tare da safe: wani da keke, wani sai ya jira motar Sakkwato, wani sai ya kai yara makaranta. Da an tafi masallaci kuwa sai ta tsaya cik, in ban da ɗayan nan nata. Ranar farko, da maza suka dawo, ta tashi ta tafi sito kamar yadda ta saba, kafin ta sallame injin ya tsaya. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da hijabinta a hannu. Sai ta ce mini ashe watanni ke nan ba ta taɓa ganin tsayawarsa da idonta ba, kullum tana kan sallaya.

Kashegari ta ɗan jinkirta sallarta. Mazan suka shigo a jere, goshi da ƙasa, kowa na sauri don ya san wuta ta kusa tafiya. Suka zauna lokaci guda. Na ce, "Yanzu." Hannu ya zagayo, na sake cewa, "Yanzu." Na ga ta dubi allo, ta sake dubawa. A minti ɗaya lambar ta haura ɗari uku. A na biyu ta fi haka. Ba mu kai ga na huɗu ba allonta ya yi shiru tare da na kowa.

Ranar da ta biyo baya ba ta ma kalli allo sosai ba, hannayen mutane ta kalla. Ni ma na bi idonta. Ɗanliti ya zauna, ya danna harafin da ke buɗe bayanan manoma. Injin bai amsa nan take ba, tunda mutum biyar sun nemi abu mai nauyi a tare. Ya ɗan jira, ya yi gyaran murya, ya sake dannawa. Ya gyara hula, ya danna na uku. Na kusa da shi haka, na can ƙarshe haka. Baturen nan ya shirya abin yadda duk dannawa sabon aiki ne, ba ya jiran na farko ya ƙare, kuma kowane aiki yana jawo mataimakansa. Injin na ƙara nauyi, su kuma suna ƙara dannawa.

Da aka tashi, ta biyo ni bayan sito inda nake ajiye kekena. Ban san ko murna take ko fushi ba. Ta ce gobe za ta faɗa musu a gaban kowa. Na ce ta yi haƙuri ta saurare ni. Ɗanliti ya kusa haihuwarta. In ta tashi a gaban yara ta ce laifinsa ne, ko gaskiyarta ta kai hasken rana ba zai karɓa ba, sauran kuma bayansa za su bi. Kuma kada ta manta, ita ake zargi, shaidarta kuma ni ne, abokin ubanta, ɗan garinsu. Na ce ta bar Alhaji ya gani da idonsa. Ta ce to.

Alhaji Tukur ya yarda, sai dai bai samu sukuni ba sai Alhamis ɗin makon da ya biyo baya. Shirin shi ne kafin a tafi masallaci ya zo ya ga lambar, in an dawo ya riga kowa shiga ya sake gani. In Saratu na yin wani abu a bayansu, lambar za ta nuna. Ya zo, ya sunkuya, ya ga lambar, ya zaro biro ya rubuta a tafin hannunsa, ya ce ba ya son takardar da wani zai ce an canja. Ya fita, na miƙa masa buta. Ni da na zuba ido yana wanke hannu sau uku, ban kawo komai a raina ba. Da aka sallame ya shigo da sauri, ya buɗe tafin hannu, sai ɗan shuɗi-shuɗi. Ya kalli hannun, ya kalli Saratu. Ita ce ta fara dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Rabon da in ji dariyarta tun kafin sanyi ya wuce. Alhaji ya ce kada wanda ya ji wannan labari a waje. Kafin a gama dariya mazan sun zauna, injin ya tsaya, ranar ta tafi a banza. Ga Juma'a ta shigo, ga wata ya kusa ƙarewa. Ta tafi Shagari ba ta gaya wa ubanta komai ba.

Ranar Litinin na samo alli daga makarantar Maniru. Alhaji ya rubuta lambar da manyan baƙaƙe a jikin ƙofar ɗakin sanyi, a gaban kowa, ya sa Ɗanliti ya karanta da ƙarfi. Aka tafi salla. Da aka dawo ya tare ƙofa, ya ce kada kowa ya zauna. Saratu ta tambayi injin. Lambar ta ƙaru da ɗaya tak, ta ce wannan ɗan aikenta ne. Alhaji ya rubuta ta ƙarƙashin ta farko, ya ce wa Ɗanliti ya duba. Sannan ya ce kowa ya zauna ya yi aikinsa yadda ya saba, shi kuma ya tsaya bayan Saratu, ni ina wurin agogo.

Da yake manaja na tsaye, sai kowa ya ƙara himma. Dannawa ake yi kamar ana sussukar gero. Na ce yanzu, na sake cewa yanzu. Alhaji ya rubuta lamba ta uku a ƙofa, ya ja layi, ya cire, ya ja da baya. Kafin ya juyo allunan sun mutu.

Bai yi faɗa ba. Ya tambayi Ɗanliti sau nawa ya danna. Ɗanliti ya ce uku, kamar kullum.

"Don mi uku, Malam?"

"Ranka shi daɗe, mutum shi yi sallama ƙofar gida ba a amsa ba, sai shi tsaya kamar turke? Ai sai shi ƙara. In an kai uku ba a amsa ba, sannan shi haƙura. Haka anka koya muna."

Kabiru, ƙaramin cikinsu, ya ce shi har biyar yake yi, don ya ɗauka allonsa ne mai nauyin ji. Aka ɗan yi dariya. Alhaji ya juya wajen Saratu ya ce ta yi bayani. Ta tashi tsaye, ba ta kalli kowa a ido ba.

"Malam, ya ji ka tun ta farko," ta ce. "Sai dai shi ba shi gane murya. Duk sallamar da kay yi, baƙo daban shika ɗaukar ka, shi shimfiɗa tabarma, shi aika a kawo ruwa. Ku biyar, kowa sau uku, sau huɗu, lokaci guda. Gidan na cika."

Ɗanliti ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya tambaya, to Juma'a fa? Kabiru ne ya amsa masa, a hankali, cewa ai Juma'a ba a dawowa bayan salla. Ɗanliti ya tashi ya je gaban ƙofar, ya daɗe yana kallon lambobin nan uku, leɓensa na motsi, yana sake lissafin da kansa.

Gyaran harafin sai injiniya, injiniya kuma babu. Saratu ta ce ba sai an jira shi ba: a riƙa zama ɗaya bayan ɗaya, kowa ya danna sau ɗaya, na biye ya jira sai allon na gabansa ya amsa. Nan take aka fara gardamar wa zai fara, don kowa na tsoron wuta ta tafi bai gama ba. Alhaji ya ce a bi girma, kamar yadda ake sa hannu a akushi. Ɗanliti farko, ba musu. Biyu na tsakiya suka ce shekararsu ɗaya, aka yi ta ja har aka gano wanda aka riga yi wa kaciya, aka ba shi gaba. Kabiru ya zo ƙarshe, ya ce ba komai, zai riƙa tsayawa nafila, ko ba komai ya ƙaru.

Washegari aka gwada. Na tsaya wurin agogo. Lambar ta ɗaga zuwa sittin da wani abu, ta sauko, ta koma tafiyarta ta hantsi. Aka yi aiki har aka kashe janareto. Saratu ta ci gaba da aunawa kwana da kwanaki, don ta ce rana ɗaya ba shaida ba ce. Injin bai sake tsayawa ba. Kafin ruwan shuka ya sauka an raba iri da taki, ko da yake daminar ma ba ta yi wani kirki ba.

Ɗanliti bai ce mata komai ba a ranar farko. A rana ta biyu, bayan ya sallame azahar, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ce sun ɗauki alhakin baiwar Allah, shi ne kan gaba, kowa ya je ya nemi gafararta tun ana duniya. Ya riga kowa zuwa. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Malama Saratu, ki yafe muna." Ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bai sake kiranta da wancan sunan ba, sai dai ita ce daga baya, in ya yi jinkirin zama, takan ce liman ya taimaka ya buɗe musu hanya.

Ƙarshen wata sunaye suka tafi Sakkwato ba nata. Ba a tsira duka ba. An sallami tsohon maigadinmu saboda shekaru, da direba ɗaya. Na raka maigadin tasha da kayansa. A Juma'ar makon ne na bi Saratu Shagari, muka sami Bawa a zaure yana laluben carbi. Sai a lokacin ta ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, ya sa ta maimaita wurin tafin hannun Alhaji, ya yi dariya har da tari. Ya rayu shekara uku bayan haka.

Injin ya yi wasu shekaru yana aiki, har wani abu ya ƙone a cikinsa aka rasa madadi, ofishin ma daga baya aka haɗe shi da wani. Ni na koma gona. Saratu ta koma buga tafureta a Sakkwato, tana zuwa tana dawowa. Da aka ba Shagari ƙaramar hukumarta, ta nemi canji zuwa sakatariya, ita ta koya wa ma'aikatan farko amfani da ƙananan kwamfutoci da aka kawo. Ta haifi 'ya'ya biyar, huɗu na raye. Da ta bar aiki ta buɗe ɗan shago kusa da kasuwar Bodinga, ana buga takardu, ana koya wa 'yan mata kwamfuta da rana.

Yanzu Saratu tana Bodinga a gidan mijinta, ita da Maniru duk sun yi ritaya. An yi mata aikin ido bara, tana gani da kyau. Shagon yana hannun ɗiyarta Safinatu, ita Saratu kuma tana kiwon tumaki a bayan gida, tana zuwa makarantar Islamiyya ta matan aure ranar Asabar da Lahadi.